Baba Cindo, Wanda Ya Durƙusa a Bayan Taya

Kafin masu jirgi su tayar da inji, Baba Cindo ya riga ya sauka gangare. In ya idar da sallar asuba ba ya komawa shimfiɗa. Sai ya ɗauki sandarsa, ya leƙa bayan rumfar Inna Dudu mai bandar kifi ya tabbata katakansa biyu suna nan, sannan ya bi hanyar mota a ƙafa tun daga kan tudu har bakin ruwa, yana ɗingisa ƙafar hagu, kansa a sunkuye. Yana duba inda ruwa ya kwana da inda ya wayi gari. In ƙasa ta yi laushi ya soka sanda ya ji zurfinta. In ya iso kan dutsen kuwa, sai ya tsaya ya daɗe.

Ga wanda bai san mashigarmu ba, tana ƙasar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Siririyar hanya ce mai ɗaukar mota ɗaya, ta gangaro daga tudu zuwa inda jiragen mutanen tsibirai ke tsayawa. Dama da hagu rumfunan banda ne da wuraren shanya warangi, ƙananan kifin nan da muke busarwa a rana. Babu wurin juyawa. Motar da ta sauka da gaba, da baya za ta hau. A tsakiyar gangaren akwai wani dutse da ya gitta hanya kamar dokin ƙofa, tsayinsa ya ɗan fi taƙi guda. In ruwa ya cika yana nutse, babu mai tunawa da shi. In bazara ta yi ruwa ya janye, sai ya fito. Sauka a kansa ba wuya, taya dira kawai take yi. Hawa da baya ne abin tsoro.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan Baba Cindo yana tsaye a wurin nan. Babu wanda ya ɗauke shi aiki. Direban babbar mota ne a da, mai ɗaukar albasar Yauri zuwa kudu, har ranar da gwiwarsa ta karye ya ajiye tuƙi. Ya dawo gida, ya zauna a bakin ruwa kwana biyu, ya ga yadda direbobi ke kokawa da dutsen, sai kawai ya miƙe ya fara ɗaga musu hannu. Wani ya ba shi kifi, wani ya ba shi goro, wani ya wuce ko kallo.

Direbobi matsoraci suke ce masa, kuma ba ya musu. Abin da ya fi tsoro a duniya mota mai giya atomatik, wadda ba ta da kuloci. Wata rana Nasiru, direban da ke kwasar kifi ranar kasuwa, ya zo da irinta, ya leƙo da kai yana dariya.

"Baba, matsa mini. Wagga sabuwa ce, da kanta take canza giya."

"Awo, na ji. Da kanta take hawa dutse da baya?"

"Kai dai tsoro zai kashe ka."

"Ya kashe ni a kan tabarmata. Tsaya nan sama, a kawo maka kifin a kai."

Inna Dudu tana daga cikin hayaƙi ta ce, "Nasiru, bar shi. Wanga tsoho ko kaza ta yi ribas sai ya ce a kwashe yara."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, amma bai matsa daga hanya ba.

Bai taɓa tuƙa atomatik ba, ko sau ɗaya. Shekarar da irinta ta farko ta ƙone a gindin dutsen, har sai da aka nemo motar noma ta ja ta, ya hau babur ya tafi Yelwa, ya zauna kwana uku a garejin wani bakanike yana tambaya, har bakaniken ya gaji da shi. Abin da ya dawo da shi yana faɗa wa duk wanda zai saurara.

"Mai kuloci, ƙafarka ce ke shawara. Kana jin dutse a tafin ƙafarka, ka ba ta kaɗan, ka karɓe kaɗan. Wagga kuwa mai ne a cikinta ke tura ta. In taya ta jingina da dutse, kai kana taka totur, ita tana tsaye tana gurnani, man giya yana tafasa. Ƙarshenta biyu. Ko giyar ta ƙone ta zauna maka nan, ko ta tara ƙarfi ta yi tsalle ɗaya da baya. Kafin ƙafarka ta koma birki ta ci taku goma. Mi ke bayanka a taku goman nan? Mata da tukunya."

Mun ga hakan da idonmu shekara huɗu da suka wuce. Wani ɗan kasuwa ya ƙi jin magana ya sauka. Da Baba ya ga ba zai hana shi hawa da ƙarfi ba, sai ya bi layin rumfuna yana kora da sanda, har ya ture wa wata mata farantin warangi ta bi shi da zagi. Ba ta gama zagin ba motar ta yi tsalle, ta rushe murhun banda biyu, ta tsaya daidai inda matar take zaune ɗazu. Tun daga ranar, atomatik a saman dutse take tsayawa.

Sai bazarar bana.

Ranar Talata ce, ba ranar kasuwa ba, babu mota ko ɗaya a kan tudu. Rana ta take, ruwa ya janye nesa. Baba Cindo ya tayar da sallar azahar a ƙarƙashin bishiyar da ke gefen hanya. Yana raka'a ta biyu ya ji mota ta taho da gudu. Kunnensa ya gaya masa irinta tun kafin ta iso. Ya jira ya ji birki. Bai ji ba. Yana cikin sujada ya ji dirar tayoyin gaba daga kan dutsen, sannan na baya. Ya ce da Inna Dudu daga baya, bai san me ya karanta a sauran sallar ba, kuma sai da ya rama ta.

Mai motar Jalaluddeen ne, wani matashi ma'aikaci a Yelwa. Yayarsa Murjanatu tana aure a tsibiri. Ta haihu da safe, jini ya ƙi tsayawa. Christiana, ma'aikaciyar jinyar ƙauyen, ta sa aka sa ta a jirgin Sa'idu, ta biyo ta tana riƙe da ledar ƙarin ruwa, aka buga wa ƙanen waya ya taho. Bai san dutsen ba. Abin da ya sani kawai, ba ya so a ɗauki yayarsa a yi nisa da ita a cikin rana, shi ya sa ya kai motar har bakin ruwa.

Kafin Baba ya sallame an kwantar da ita a kujerar baya. Jalaluddeen ya sa ribas. Motar ta hau lafiya har tayoyin baya suka jingina da dutsen, ta tsaya. Ya taka. Ta yi gurnani ba ta motsa ba. Ya ƙara takawa.

Mu mutanen bakin ruwa muna da wata al'ada, kuma don taimako muke yin ta. In mota ta maƙale, maza su ruga su dafa gabanta su tura, a ce wa direba ya yi mata lilo, wato ya ɗan saki gaba, ya dawo baya, ya saki, ya dawo, har ta samu ƙarfin hawa. Da motoci masu kuloci muka koyi wannan, kuma yana yi. Masunta shida suka dafa gaban motar, ruwa yana bayansu. Mata da yara kuma suka fito daga rumfuna suka cika hanya a saman dutsen suna salati, daidai bayan motar.

"Yi mata lilo! Lilo, yaro!"

Jalaluddeen ya mai da giya gaba, ƙafarsa tana kan totur. Motar ta zabura. Masunta suka watse, Sa'idu ya faɗi da baya cikin taɓo, tayar gaba ta wuce ta gefen ƙafarsa. Ya sake sa ribas, ta koma da gudu ta daki dutsen. Daga cikin motar aka ji wani nishi da babu wanda ya ji shi zai manta.

A lokacin Baba Cindo ya iso, ba takalmi, yana jan ƙafa. Ya zura hannu ta taga ya riƙe sitiyari.

"Ɗage ƙafarka."

"Tsoho, sakar mini mota! Yayata mutuwa take yi!"

"Na ji. Shaƙi iska. Ka ji ƙaurin nan? Giyarka ce ke dahuwa. In ta ƙone, da mi za ka kai ta Yelwa? Ɗaga ido ka dubi tudu, ka ga wata mota?"

Jalaluddeen ya duba. Babura biyu ne kawai a gindin bishiya.

"Mai da giya wurin tsayawa, ka ja birkin hannu. Kak ka kashe inji. In ta ƙi tashi, wagga ba a tura ta ta tashi. Bar ta ta huce."

Ya leƙa baya inda Christiana ke durƙushe, hannu ɗaya ya ɗaga leda, ɗayan yana danne da marar Murjanatu.

"Malama, minti goma nake so. Tana da shi?"

Christiana ta dube shi. Fuskarta duk gumi.

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

Ya so ta ce e. Ko da a'a ta ce, da ya san inda yake. Yelwa tafiyar kusan awa ce. In ya bar yaron ya ci gaba da takawa, wataƙila ta yi tsallen ta wuce, su isa da wuri, wataƙila kuma ta bi ta kan matan da ke baya, ko ta mutu a nan gaba ɗaya. In ya tsayar da shi, duk abin da ya samu matar nan a cikin minti goman, a wuyansa yake, domin shi ya karɓe mintocin daga hannunta.

Ya juya ya ɗaga murya.

"Dudu! Kwashe mini matan nan daga hanya, kowa ya koma bayan rumfa!"

Inna Dudu ba ta tsokane shi ba ranar. Ta zaro itace mai wuta daga murhu ta yi kansu. "Ku ɓace mini! Biki ake yi? Ke, ɗauki ɗiyarki!" Hanya ta zama fayau.

Ya sa aka kawo tabarma, mata huɗu suka ɗauke Murjanatu daga motar, aka haura da ita sama da dutsen aka kwantar a inuwa, Christiana tana biye da ledarta. Ya sa masunta suka yi wa tayoyin gaba waigi da manyan duwatsu, don kada ta sulale ruwa. Aka matsar da duwatsun kamu ɗaya, aka bar motar ta gangara a hankali a kan birki, har aka samu fili tsakanin taya da dutse. Sannan aka shiga cike gindin dutsen da tsakuwa da yashi, kowa da hannunsa, wasu da kwano. Sa'idu, taɓo har wuya, shi ya ɗauko katakan biyu a guje.

Jalaluddeen ya fito yana zagaye motar yana kuka kamar yaro.

"In ta mutu, kai ne! Wallahi kai ne, tsoho!"

"Ni ne," Baba ya ce, bai ɗago ba. "Miƙo mini wancan dutsen."

Dutsen ya suɓuce wa Baba ya faɗa masa a kan yatsa, bai ji ba. Kowane ɗan lokaci sai ya waiga wajen inuwar. Zanen da aka rufa mata ya fara yin duhu daga ƙasa. Ba ta nishi kuma. Shirun ya fi nishin ba shi tsoro.

Aka ɗora katakan, ɗaya a bayan kowace taya, suka zama gangare mai sauƙi. Ya sunkuya ya shaƙi ƙarƙashin motar. Ƙaurin ya ragu. Ya ce Jalaluddeen ya shiga.

Nan ya ga abin da bai yi wa shiri ba. Ƙafar yaron ta dama tana karkarwa a kan totur, gwiwa tana bugun sitiyari. Baba ya shekara da yawa a bakin tuƙi, ya san irin ƙafar nan. Ko me ka gaya mata, da ta ji mota ta yi nauyi takawa za ta yi. Babu wani direba a wurin. Shi kansa bai san hannun motar ba, ga gwiwa. Ga kuma katakon dama yana zamewa, domin dutsen ya karkace a gefen, sai an riƙe bakinsa.

Sa'idu ya ce, "Baba, bari in riƙe."

"Kana da ɗiya ƙanana. Matsa."

Ya hau kan dutsen, ya durƙusa a kan gwiwarsa mai lafiya, daidai inda tayar baya za ta fito, ya danne bakin katakon da hannu biyu.

"Yaro! Dubi madubinka. Ka gan ni?"

"Baba, tashi daga nan!"

"Ka gan ni ko ba ka gan ni ba?"

"Na gan ka."

"To. In ka taka da ƙarfi, ni za ka fara bi ta kai. Ƙafar hagu a kan birki. Ta dama kuma ka taɓa totur kamar kana taɓa maruru. In na ce birki, birki."

Bakin ruwa ya yi tsit, sai inji da salatin Inna Dudu ƙasa-ƙasa. Aka ji giya ta shiga. Motar ta ɗan girgiza. Taya ta kama katako, katakon ya yi ƙara kamar zai tsage. Hayaƙin salansa yana bugun fuskar tsohon, mai zafi, yana shiga masa hanci. Tayar ta hau taƙi ɗaya, ta tsaya. Injin ya fara ɗaga murya.

"Kak ka ƙara! Riƙe ta haka. Haka. Za ta zo."

Ta zo. A hankali, kamar saniya mai ciki tana hawa tudu. Sai da ta rage ɗan yatsa tsakaninta da hannunsa ya ce, "Birki!" Motar ta tsaya cak. Ya mirgina gefe, bututun salansa ya goge shi a kafaɗa ya ƙona riga har fata. Yana kwance a ƙasa ya ci gaba da ba da umarni, har tayoyin baya suka hau, na gaba suka biyo su a kan katakan.

Babu wanda ya yi shewa. Aka sa Murjanatu a mota, Christiana ta shiga, suka tafi.

Baba Cindo ya kasa tashi. Inna Dudu ta kawo masa ruwa a moɗa, ya kasa riƙewa, sai ita ta kafa masa a baki. Ya ƙi cin abinci. Ya zauna a kan dutsen nan cikin rana, duk babur da ya gangaro sai ya ɗago kai. Bayan la'asar wayar Sa'idu ta yi ƙara. An kai ta, an ƙara mata jini, ta buɗe ido ta tambayi jaririyarta.

Mutane suka yi ta hamdala. Shi kuwa ya jawo hannun Inna Dudu ya ce a hankali, "Dudu, ban ga tayar ba."

"Wace taya?"

"Sa'ad da na durƙusa. Hazo kawai nake gani. Da rawar katako na san ta iso. Wata shida ke nan idon yana rufewa, ban gaya wa kowa ba."

Inna Dudu ta zauna a ƙasa kusa da shi, hannunta yana cikin nasa.

Wannan ne dalilin da zai bar gangaren a ƙarshen watan nan. Ɗiyarsa Rukayya da ke Wara ta zo ta ce sai ta tafi da shi a duba yanar idon, kuma ko an yi nasara ba zai dawo bakin taya ba. Shi ma bai yi gardama ba. Ya ce mutumin da ba ya gani bai kamata ya ɗaga wa mota hannu ba.

Baba Cindo, kai ne wanda muka yi wa dariya shekara ashirin da ɗaya, muna zaune lafiya a bayan tsoronka ba mu sani ba. Kai ne ka amsa "ni ne" tun ba a san yadda za ta ƙare ba, alhali kana iya ci gaba da lazimi a gindin bishiya babu mai ganin laifinka. Mai gadin gangare, ka ji tsoro har hannunka ya kasa riƙe moɗa, kuma ka durƙusa.

Ku direbobi masu zuwa mana da motocin zamani, in wani ya ɗaga muku hannu a bakin ruwa, ku tsaya ku ji. Mu kuma na gangare, mu daina kiran lilo ga motar da ba mu san cikinta ba, mu daina taruwa a bayanta. Sa'idu ya fara zama kusa da Baba yana tambaya in ba shi da fasinja. Mutum ɗaya bai isa ba. Duk mashigar da ke bakin tafkin nan tana da nata dutsen ko kututture, a samu wanda zai je ya tambaya kamar yadda ya je.

Jiya Murjanatu ta ƙetaro, ta yi arba'in. Ta rame, amma da ƙafarta ta hau gangaren. Aka nuna mata shi, domin ba ta san fuskarsa ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance goyo ta ɗora masa jaririyar a hannu.

"Karɓe ta, ɗiyata," ya ce. "Ba na ganin ta sosai, kada in yar."

"Ba za ka yar ba, Baba. Riƙe ta."

Ya riƙe ta har ta yi barci.

Mun gode, Baba. Allah ya buɗe idon, ya saka maka da abin da mu ba mu iya ba.